Ɗinkin Bakin Buhu

Shafi na 19

Masu tambaya ko an mayar da Raliya kurkuku: a'a, tana waje a kan beli. Ga abin da ya faru ranar Litinin.

Barista Joan ba ta ɗaga kai ba da Raliya ta shigo ofis. Da ƙafa ta turo mata kujera.

"Zauna. Alhamis za mu koma kotu. Kwana uku ya rage, kuma har yanzu ƙarya kike min."

"Haba Barista, wace ƙarya?"

"Wa ya ba ki bidiyo ɗin?"

"Na faɗa miki, a wani gurup na gani."

"Wane gurup?"

"Na manta sunansa."

Sai a lokacin lauyar ta ɗago. 'Yar gajera ce, haihuwar Jalingo, Hausarta ta cikin gari, ba kwana-kwana.

"Mace da take riƙe farashin masara na kasuwa takwas a kanta, ita ce ta manta sunan gurup. Ki ajiye wannan labari ki ba 'yan sanda. Ni lauyarki ce."



Shekara huɗu ke nan tana da shafi a Fesbuk, inda take sa farashin hatsi da doya da takin zamani duk mako. Mutum dubu arba'in ke bin ta, yawancinsu manoma. In ta ce buhun shinkafa ya faɗi, sai ka ga an fasa lodi. Mako uku da suka wuce ta sa wani bidiyo na minti ɗaya da rabi. Babu fuskar kowa a ciki, hannaye ne kawai. Suna zuba yashi da farar tsakuwa a cikin takin zamani, suna juyawa da shebur, suna ɗurawa a buhu. A ƙasa ta rubuta layi ɗaya: Ga abin da ake yi a siton Alhaji Maliki na unguwar Abbare.

Kwana biyu bayan nan manoman garin Lau, waɗanda shinkafarsu ta yi ja a gona, suka cika motoci biyu suka zo. Suka fasa shagon, suka cinna wa buhuna wuta, suka karya wa dattijon haƙarƙari biyu. 'Ya'yansa suka kai ƙara. Aka karɓe wayarta, ta kwana huɗu a sel ɗin 'yan sanda.

Barista Joan ta rufe fayil ɗin da ke gabanta.

"Saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ba bidiyo ɗin ne ya kawo ki nan ba. Da kin sa shi haka, kin ce jama'a ku duba takin da kuke saya, da yanzu kina gida. Da kin kai wa hukuma, da ya fi. Layin da kika rubuta a ƙasa ne matsala. Kin sa sunan mutum."

"To ai mutane na da haƙƙin su san waye."

"In shi ne. Tuhuma biyu suke miki. Ɓata suna, shekara biyu. Sai dokar laifukan intanet, sashe na ashirin da huɗu, saƙon ƙarya da aka watsa don a ta da fitina. Wannan shekara uku ce. Kin gane?"

"Na gane."

"Hanya biyu muke da su. Ta farko, mu nuna abin da kika rubuta gaskiya ne, kuma jama'a za su amfana da saninsa. In sito ɗin na Maliki ne, kin fita. Ta biyu, ba gaskiya ba ne, amma ke ba ki sani ba. Dokar cewa ta yi wanda ya san ƙarya ce ya watsa. In wani da kika yarda da shi ne ya ba ki, kika tambaya, ya tabbatar miki, muna da abin faɗa wa alƙali. Amma wanin nan sai yana da suna. Alƙali ba ya cin 'a gurup na gani'."

"Mu bi ta farko."

"Ta farko ta mutu ranar Asabar."



"Na je Abbare," in ji lauyar. "Babban ɗansa, Mus'ab, ya buɗe min sito ɗin. Ya zage ni tukuna, sannan ya buɗe. Ƙasan siminti ne daga ƙofa har bango. Na cikin bidiyo daɓe ne. Nasu rufin ƙarfe ne, na bidiyo katako. Kuma Maliki da inji yake ɗinke buhu, shekara shida ke nan. Na ga injin, ya ƙone rabi. Zo ki gani."

Ta juyo kwamfuta. Ta rage gudun bidiyon.

Raliya ba ta taɓa ganinsa da girma haka ba. A wayarta mai fasasshen gilashi ta kalle shi, sau biyu, ranta a ɓace, ta sa. Abin da ta kalla yashi ne da shebur. Ba ta kalli ƙarshe ba, inda hannu ɗaya ya ja buhu tsakanin gwiwoyi ya ɗauko basilla.

Yanzu ta kalla.

Basilla ta shiga. Ɗaya, biyu, uku gaba. Ta dawo ɗaya baya. Uku gaba, ɗaya baya. Da ya kai ƙarshe bai bar kunnen buhun a tsaye ba kamar yadda kowa ke yi. Ya lanƙwasa shi ciki, ya soke, ya ƙulla a ƙasa inda ido ba ya gani.

Raliya ta san ɗinkin nan.

Da ɗinkin buhu mahaifinta ya fara lokacin da ya zo Jalingo daga Kano, ba shi da komai sai basilla da tabarma. Wannan ɗinki nasa ne. Bai koya wa ma'aikaci ko ɗaya ba, da gangan. In mai saye ya dawo da ƙorafi cewa an yi masa algus, ba ya gardama. Bakin buhun zai duba. In ɗinkinsa ne ya karɓa, in ba nasa ba ne ya ce a sauka lafiya. Mutum biyu kawai ya koya wa kafin ya rasu, yana bugun bayan hannunsu da gindin basilla in suka kuskure.

Ita ɗaya.

Ɗayan yayanta ne, Mahadi, wanda take kira Hamma kamar yadda 'yan garin ke kiran babban wa. Shi ya gaji shagon, ya koma sayar da takin zamani. Shi ya kawo mata bidiyon. Shi ya roƙe ta kada ta ambaci sunansa, don kada 'yan kasuwa su ce hassada ce. Shi take rufa wa asiri mako uku.

"Kin ga wani abu," in ji Barista Joan.

"Kaina ke ciwo."

"Kanki bai yi ciwo ba sai da basilla ta fito."

Raliya ta miƙe. Ƙafarta ta bugi kujera.

"Ina nan har ƙarfe biyar," lauyar ta ce a bayanta. "Ko waye kike karewa, ki tambayi kanki inda zai kwana ranar da aka yanke miki hukunci. A gadonsa zai kwana."

*

An ɗauke ruwa lokacin da keken ya sauke ta a unguwarsu ta Yelwa. Ba ta shiga ta zaure ba. Ta bi lungun baya, inda tsohon siton mahaifinsu yake. Sabon kwaɗo ne a ƙofar. Ta durƙusa ta leƙa ta ƙasa. An share daɓen tas. Amma ruwan sama ya wanko abin da tsintsiya ta tura waje, ya jera shi a bakin kwata, fari fat kamar shinkafa.

Ta ɗebi tsakuwar a hannu.

A zaure ta zaro basillar Baba daga jikin katakon da take soke tun rasuwarsa. Ta ɗauki wani tsohon buhu a bayan ƙofa.

Mahadi yana tsakar gida a kan kujerar roba, yana cin dafa-duka. Innarsu tana kan tabarma a inuwar mangwaro, carbi a hannu.

"A'a, 'yar jarida!" ya ce da fara'a. "Ya aka ƙare da lauyar taki? Zo ki sa hannu, da zafi."

Ta jefa buhun a gabansa. Ta ɗora basilla a kai.

"Ɗinka min."

"Me?"

"Bakin buhun nan. Ɗinka min, Hamma."

Ya yi dariya, ya dubi Inna.

"Kin ga sel ya taɓa mata kai."

Raliya ta buɗe tafin hannunta, ta zuba tsakuwar a cikin farantin abincinsa. Ƙarar ta yi kamar ana zuba gero.

Dariyar ta tsaya.

"Uku gaba, ɗaya baya," ta ce. "Kunne a ciki. Mu biyu ne a duniya. Ni kuma ban taɓa cuɗa taki da yashi ba."

Ya ajiye cokali. Ya daɗe yana kallon farantin.

"Wa kika faɗa wa?"

"Wannan ce tambayarka ta farko?"

"Na ce wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa. Tukuna."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da kujera. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Sauƙi ta gani a fuskarsa, ba kunya ba.

"Zauna mu yi magana irin ta manya."

"A tsaye zan ji."

"Tobiya ne ya ɗauka," ya ce. "Direbana. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ashe surukansa a Lau suke noma. Ya ɓuya a bayan buhuna ya ɗauka. Ya zo ya nuna min, wai in daina ko ya saki. Na ƙwace wayar, na sallame shi. Amma ban san wa ya tura wa ba kafin nan. Bidiyon zai fito ko ta yaya, Raliya. In zai fito, gara ya fito da sunan wani a jikinsa. Sunan da aka fara ji shi ke zama."

"Sai ka zaɓi Baba Maliki."

"Mu biyu ne manyan da ke sayar wa mutanen Lau. In ba shi ba ne, ni ne. Lissafin bai da wuya."

"Shi ya yi wa Baba wanka ranar da ya rasu."

"Na sani."

"Shi ya riƙe maka shago wata uku kana kwance da taifod."

"Na ce na sani! Na ɗauka zaginsa za a yi kwana biyu a manta. Ni na ce su je su dake shi?"

"Sau uku na tambaye ka. Na ce Hamma, ka tabbata siton Baba Maliki ne? Ka ce da idonka ka gani."

"Ai da idona na ga siton."

Ta kalle shi. Shi da kansa ya sauke kai.

"Me ya sa ni?" ta ce. "Shafuka nawa ne a garin nan? Me ya sa sai ƙanwarka?"

"Saboda ke ake yarda da ke."

Ya faɗa kai tsaye, kamar mai faɗin farashin buhu.

"Kuma kada ki ɗauka haka kawai na jefa ki," ya ci gaba, muryarsa ta yi laushi. "Sai da na je na tambayi lauya kafin na zo miki. Na ce a misali, in mutum ya sa abu bai san ƙarya ne ba fa? Ya ce wannan kariya ce, doka mai sani take nema. Shi ya sa ban faɗa miki ba. Da na faɗa miki, da kin zama mai laifi. Don ke na ɓoye. Ki tsaya a kan ba ki sani ba, ai gaskiya ce, ba ki sani ba ɗin."

 Dariya ta ƙwace wa Raliya.

"Wato gata ka yi min."

"Ki kira shi abin da kike so."

"Lauyan naka bai faɗa maka ba sai an kawo sunan wanda ya ba ni?"

Ya mayar da idonsa kan farantin.

"Hamma. Ya faɗa maka ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa."

"Shi ya sa ranar ka ce ba ka da data. Ka ce in kunna bulutut, waya ta tura wa waya. Don kada a ga saƙo daga lambarka."

Bai musa ba.

"Kwana huɗu ina sel," ta ce. "Da mata tara da bokiti ɗaya. Kai kake kawo min abinci. Kana tsaye a bakin kanta kana kuka, har ɗan sanda yana ba ka haƙuri."

"Kukan gaskiya ne."

"Na yarda. Har da shi ka lissafa."

"Ku rage murya," in ji Inna. "Akwai maƙwabta."

Raliya ta juya a hankali.

Tun da aka fara Inna ba ta yi salati ba. Ba ta ce me nake ji ba. Carbinta bai tsaya ba ko sau ɗaya. Uwa ta ji ɗanta ya ce shi ya cuci manoma, ya sa aka daki aminin mijinta, ya tura ƙanwarsa sel, abin da ya dame ta maƙwabta.

"Inna."

Tsohuwar ba ta dube ta ba.

"Inna, yaushe kika sani?"

"Ranar da aka kama ki. Ya zo ɗakina ya faɗi a ƙasa."

"Washegari kika zo caji ofis. Kika riƙe hannuna ta tsakanin ƙarfe. Kika ce in yi haƙuri, jarrabawa ce daga Allah."

"To ba jarrabawar ba ce?"

"Daga ɗanki take."

Inna ta ajiye carbi. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

"Ni na haife ku ku biyu, ba ki fi ni jin zafi ba. Kin ga abin da mutanen Lau suka yi wa Maliki, tsoho mai furfura, a kan zato. In suka ji Mahadi ne, kuma ya yi musu wayo sau biyu, kina tsammanin haƙarƙari za su karya? Gawarsa za a kawo min. 'Ya'yansa biyar. Ke kotu ce. Kotu ba ta kisa a kan rubutu."

"Shekara uku, Inna."

"Ba za ta kai ba, in Allah ya yarda. Ya ce tara za a ci ki, shi zai biya."

"Ya ce."

"Ke mace ce, za su tausaya."

"Ranar da zan ba da shaida Alƙur'ani za a miƙo min. Da alwala. Za a ce wa ya ba ki. Me zan ce?"

"Abin da kika faɗa wa 'yan sanda."

"Wancan ƙarya na yi don in kare mai gaskiya. Haka na ɗauka. Yanzu in ɗora hannu a kan Littafi in maimaita?"

Ɗigon ruwa yana sauka daga ganyen mangwaro a kan tabarma.

Mahadi ya jawo buta ya fara wanke hannu.

"Bari in sauƙaƙa miki," ya ce. "A ce kin je kin faɗi sunana. Sai me? Ni zan ce ban san zancen ba. Babu saƙo, babu kira. Siton a share yake. Tobiya ba ki san inda yake ba. Ke kuma kin riga kin sa hannu a takardar 'yan sanda cewa a gurup kika gani. Mai gabatar da ƙara zai tashi ya ce, wacce ce gaskiya, ta jiya ko ta yau? Kin zama mai ƙarya sau biyu, kin ƙone gidanku a banza. Ɗinki? Alƙali zai ɗaure mutum don ɗinkin buhu?"

Duk ya auna. Ta ga haka a yadda yake goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta tuna ba su kaɗai ba ne a tsakar gidan nan ranar.

Ta je ta durƙusa a gaban tabarma. Ta kama ƙafar uwarta.

"Inna, kina wurin. Bayan la'asar ne. Kina zaune a nan kina tsinke zogale. Ya zauna a kan turmi ya miƙo min wayarsa. Kin ji na tambaye shi sau uku. Ke kika ce in sa, Allah ya tona asirin azzalumai. Ba na ce ki ce shi ya cuɗa taki ba. Ki faɗa wa alƙali shi ya ba ni, kuma na tambaya. Wannan kaɗai. Shi ne zai fitar da ni."

Inna ta dubi ɗanta. Ta dubi 'yarta. Ta janye ƙafarta a hankali, ta mayar ƙarƙashin zani.

"Ranar ina ɗaki."

"Inna."

"Ina ɗaki, Raliya. Ƙafata ke ciwo ranar. Ban fito ba."

Raliya ta daɗe a durƙushe. Ta jira hawaye, ba su zo ba. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta, ta gyara hijabi.

"Ina za ki?" in ji Mahadi.

Ta nufi zaure.

"Raliya, wa ya tsaya miki beli?"

Ta tsaya a bakin zaure.

"Ni na sa hannu. Hotona ne a fayil ɗin kotu. In na je na ce na janye, ba a gidan nan za ki kwana ba. Kuma ki lissafa min mutum ɗaya a Jalingo da zai tsaya miki bayan ni. 'Yan kasuwa? Ke kika sa aka daki dattijonsu. Manoman naki dubu arba'in? Ko ɗaya ya zo caji ofis?"

"Mahadi, kada ka yi haka," Inna ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Ba ni zan yi ba, Inna. Ita za ta zaɓa." Ya dubi agogonsa. "Uku da kwata. Ƙarfe huɗu suke rufe ofishin rajista. Ki dawo ki zauna, a zubo miki abinci, maganar ta mutu a nan. Ko ki fita."

Ta fita.

Lungun duk taɓo ne. Tana tafe ta ji ƙarar ƙofar mota a bayanta, sannan inji ya tashi. Ba ta waiwaya ba. A bakin titi ta ɗaga wa keke hannu. Wani mutum mai hular sanyi ya taka birki.

"Hajiya, ina ne?"

Kafin ta buɗe baki motar ta tsaya a gefensu. Gilashi ya sauka.

"Shigo, Raliya. Wannan ne kira na ƙarshe. In kika je wa lauyar nan, ni kuma kotu na nufa."

"Ba wajen lauya za ni ba."

Ya saki fuska. Har ya miƙa hannu zai buɗe mata ƙofa.

"Kafin lauya da alƙali, akwai wanda ya kamata ya fara jin sunanka," ta ce. Ta shiga keken. "Malam, Abbare. Gidan Alhaji Maliki mai taki."

Mai keken ya juyo gaba ɗaya ya ƙare mata kallo.

"Tsaya. Ba ke ce ta Fesbuk ɗin nan ba? Gidan Maliki za ki? Hajiya, yaransa suna ƙofar gida kullum. Wallahi ni a bakin layi zan ajiye ki."

"Ajiye ni inda ka ga dama."

Mahadi ya fito daga mota, ya bar ƙofa a buɗe. Ya kama ƙarfen keken da hannu biyu. Yanzu babu lissafi a fuskarsa.

"Mus'ab zai kira mutanen Lau kafin ki rufe baki. Kashe ni za su yi. Raliya, ni ne fa. Ni na goya ki ranar da aka kai ki makaranta."

Ta kalli hannayensa a jikin ƙarfen.

"Hajiya," in ji mai keke, "in ja ko in tsaya? Ni ba na son rigimar gida."

"Ja."

Keken ya fizga. Hannayen suka saki.

Sun wuce masu gasa masara, sun kai mararraba. Hanyar kotu dama ce. Raliya ta leƙa madubin da ke gefen direba.

Motar Mahadi ba ta yi dama ba. Bayansu ta biyo.